Busa Ƙaho Tun Da Sauran Lokaci

Karatu: Nehemiya 4:10-23

Wata yarinya daga ƙungiyar matasan ikkilisiyarmu ta zo gidana da yamma, ranta a ɓace. Malaminsu a lakwal ya raba su biyar-biyar, ya ba kowane rukuni bincike wanda za su tsaya gaban aji su bayyana. Maki ɗaya ne ga dukansu. Ga shi saura kwana biyu, mutum uku ba su kawo kome ba. Ta ce, "Baba Fasto, ni kaɗai zan yi, in sa sunana, sauran su san inda dare ya yi musu." Na ce, "'Yata, kin tambaye su abin da ya hana su?" Sai ta yi shiru.

Ƙaunatattu cikin Almasihu, bari mu duba Nehemiya. A shekara ta 20 ta mulkin sarki Artashate, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya zo Urushalima ya tarar garun birni a rushe. Bai ɗauki aikin shi kaɗai ba. Sura 3 ta nuna mana yadda aka raba shi: babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa, maƙeran zinariya, masu yin turare, har da wani shugaba mai suna Shallum tare da 'ya'yansa mata. Kowa da nasa gefe. Cikin kwana 52 aka gama.

Amma raba aiki yana da nasa hatsari, Nehemiya kuwa ya gane shi. Garun yana da tsawo, maginan suna nesa da juna. Idan Sanballat da mutanensa suka auka wa wani gefe, na ɗaya gefen ba zai sani ba sai ɓarna ta riga ta faru. Saboda haka ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya umarci jama'a su taru duk inda suka ji ƙarar. Ku lura kuma da aya 10. Mutanen Yahuza sun faɗa a fili cewa ƙarfin masu ɗaukar kaya ya ƙare, tarkace kuma ya yi yawa. Ba su ɓoye gajiyarsu ba.

Ni kaina na taɓa faɗuwa a nan. Lokacin da nake makarantar Littafi Mai Tsarki, an ba mu huɗu aiki a kan tafiye-tafiyen Bulus, aka sa ni shugaba. Wani ɗan'uwa, wanda ya girme mu duka, kullum in na tambaye shi sai ya ce, "Ana nan ana yi." Ni ma na fi son wannan amsa, don ba ta ɗora mini wani nauyi. Muka riƙa gunaguni a bayansa, muna kiransa rago. Daren da za mu miƙa aikin ne na shiga ɗakinsa da fushi, na same shi zaune gaban takarda fara fat. Ashe idanunsa ne suka raunana, ba ya iya karanta ƙananan rubutun littafin da aka ba shi, kuɗin tabarau babu, kunya kuma ta hana shi faɗi. Da na sani tun makon fari, ai da na karanta masa, shi kuma ya yi bayani, gama ya fi mu duka sanin Ayyukan Manzanni. Shi bai busa ƙaho ba. Ni kuma shugaba ban matso kusa in ji ba. Har yau in na tuna sunan da muka kira shi, kunya nake ji.

Ba na ce kowa yana da uzuri ba. Ko a kwanakin Nehemiya, manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu, aka kuma rubuta haka a sura 3 aya 5. Galatiyawa 6 ta koya mana abu biyu tare: mu taimaki juna da kaya masu nauyi, amma kowa yana da nasa kayan da zai ɗauka. In ka je wurin abokin karatunka kai da shi kaɗai, kamar yadda Yesu ya koyar a Matiyu 18, ka sake komawa da wani, ya ƙi ji, to, gaya wa malami gaskiya. Rubuta sunan wanda bai yi kome ba shaidar zur ce, ba ƙauna ba. Amma a fara zuwa tukuna. Yau kowa da waya a hannu, ana buɗe zaure a WhatsApp, duk da haka aika "ina naka?" da tsakar dare ba daidai yake da zama kusa da mutum ka ce, "Ina ne ya yi maka wuya?" ba.

Yarinyar nan ta koma ta tambaya. Ɗaya mahaifiyarta ce ke kwance ba lafiya. Ɗaya bai gane tambayar ba sam. Na ukun dai wasa ya sa gaba, sai da ta kai maganarsa wurin malami.

Addu'a: Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu da suke makaranta tawali'u su faɗi inda suka kasa, ka kuma buɗe kunnuwanmu mu ji ɗan'uwan da ya yi shiru. Cikin sunan Yesu. Amin.