Amana da Haƙƙi: Nasiha Daga Makka Kan Mai Koyon Sana'a Ba Albashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya neman halal ya zama ibada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi mazauna ƙasashen waje, ina so in yi mana nasiha a kan wata tambaya da aka yi mini a nan Makka, domin na tabbata irinta tana kwance a zukatan matasanmu da yawa.

Wani dare bayan sallar isha'i, a wani ƙaramin masallaci a unguwar Misfala, wani saurayi ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya durƙusa ya gaishe ni. Jikan Hausawan nan ne da suka keto Chadi da Sudan a ƙasa don sauke farali, suka zauna, har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa. Ya ce, "Baba Malam, wurin da nake aiki ya rufe, yanzu tallafin rashin aiki nake karɓa. Na sami wani maigida mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ina zuwa wurinsa tun safe har la'asar ina koyo. Ba ya biyana, sai dai wani lokaci in mun fita aiki ya ɗan miƙo mini wani abu. Abokaina sun ce in ja bakina in yi shiru, kada a yanke mini tallafin. Shin kuɗin nan halal ne a gare ni?"

Na daɗe ban amsa ba, don na ga yaron yana tsoron Allah, kuma yana tsoron yunwa.

Ga waɗanda ba su san tsarin ƙasar nan ba, a shekarar 2011 Sarki Abdullah ya ba da umarnin kafa shirin Hafiz, wanda ya riƙa bai wa matasa masu neman aiki riyal 2,000 kowane wata har tsawon shekara. A 2014 kuma aka fara shirin Saned, inshorar wanda ya rasa aikinsa ba da son ransa ba. Ana tara kuɗinsa ne daga albashin ma'aikata da aljihun masu ɗaukar aiki. Wanda ya cancanta yana karɓar kashi 60 cikin ɗari na albashinsa a watanni uku na farko, sannan kashi 50 a sauran, kuma ba ya wuce wata goma sha biyu. Daga cikin sharuɗɗansa akwai cewa mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kasance yana neman aiki da gaske, ya halarci horon da hukuma ta tura shi, kuma kada ya kasance yana da wata hanyar shigar kuɗi ta aiki ko kasuwanci.

Haka abin yake a wasu ƙasashen da kuke zaune, ko da sunaye sun bambanta. A Jamus, wanda ya shiga horon da ofishin samar da aiki ya amince da shi yakan ci gaba da karɓar kuɗinsa. A Birtaniya kuwa, wanda ya koma ɗalibi na cikakken lokaci galibi yakan fita daga cikin masu cancanta, sai a wasu halaye da aka keɓe. Tambayar hukumomin ɗaya ce: shin da saninmu ka shiga koyon nan, kuma in aiki ya samu gobe za ka iya zuwa?

Sai na ce masa, "Ɗana, ni ba ma'aikacin hukumar ba ne, ba ni zan ce maka ka cancanta ko ba ka cancanta ba. Amma abin da abokanka suka ce ka yi, wannan na san hukuncinsa. Kuɗin nan gumin mutane ne da aka tara bisa sharaɗi, kai kuma ka sa hannu a kan sharaɗin. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alkawura, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya barranta daga mai ha'inci. Ka je ka faɗa musu gaskiya duka: inda kake koyo, sa'o'in da kake yi, da ɗan abin da ake miƙo maka. In sun ce ka ci gaba, ka ci halal ɗinka da kwanciyar rai. In sun nuna maka horon da suka yarda da shi, ka duba shi. In kuma sun yanke, ka bar shi don Allah. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sana'ar da aka kafa harsashinta a kan ɓoye gaskiya, da wuya albarka ta zauna a cikinta."

'Yan'uwa, wannan nasiha ta shafi wanda ke zaune a ƙasar da ba ta Musulmi ba kamar yadda ta shafi mazaunin Makka. Takardar da ka cika a Landan ko Berlin alkawari ce, kuma Mala'ikun da ke rubutu a Harami su ne ke rubutu a can.

Sai dai da na koma gida, na kasa barci. Na ce a raina, na umarci yaro da gaskiya, to in gaskiyar ta jawo masa asara, wa zai ciyar da shi? Sannan na tuna da 'ya'yanmu masu yawa a Jarwal da Shari'u Mansur da aka haifa a garin nan amma da igama suke zaune. Su ba su da wannan tallafi tun asali. In ɗayansu ya so ya koyi walda ko aikin lantarki, dole ya zaɓi ɗaya: ko ya yi watanni ba ya kawo komai gida, ko ya koma dako da ƙananan ayyukan da ba za su taɓa fitar da shi daga talauci ba. Mafi yawansu na biyun suke zaɓa, kuma ba lalaci ne ya sa su ba.

A nan nauyi ya dawo wuyanmu. Mutane sukan kafa hujja da abin da ya faru a Hajjin Bankwana, lokacin da wasu mutum biyu suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rabo daga sadaka. Ya dube su sama da ƙasa, ya ga ƙarfafa ne, ya sanar da su cewa mawadaci da ƙaƙƙarfan da ke iya nema ba su da rabo a cikinta. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito shi. Amma a fahimtata, saurayin da ke tsaye cikin zafin Makka yana kwance injin yana ɗaurawa ya riga ya kama hanyar neman, bai dai kai ga cin moriyarsa ba ne. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun halatta bai wa matalauci zakka ko da yana da ikon nema, har abin da zai ishe shi shekara. Imam Nawawi a cikin Majmu'u ya bayyana cewa matalauci mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ko suna da araha ko suna da tsada. Imam Gazali kuma a cikin Ihya'u ya lissafa sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya. Ashe mai koyon sana'a wani nauyi yake sauke mana duka.

Ku tuna da labarin da Tirmizi ya ruwaito na 'yan'uwa biyu, ɗaya yana zuwa wurin Annabi, ɗaya yana sana'a. Mai sana'ar ya kai ƙarar ɗan'uwansa, sai aka nuna masa cewa wataƙila saboda ɗan'uwan nasa ake azurta shi. Kai da kake ciyar da ƙanenka wata shida yana koyon aiki, kada ka riƙa yi masa gori a kan kwanon abinci.

Ku kuma iyayen gida masu koyar da sana'a, ku ji tsoron Allah. Koyarwa daban, bautarwa daban. Lokacin da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi yarjejeniyar aiki a Madyana, an yanka wa'adi, shekara takwas ko goma, kamar yadda Suratul Ƙasasi ta ba da labari. Ku yanka wa yaro wa'adi tun ranar farko. In hannunsa ya faɗa har kana tura shi aiki shi kaɗai kana karɓar kuɗin, ya tashi daga almajiri ya koma ma'aikaci. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci gumin aikinsa, ya hana shi ladansa.

Saboda haka ina roƙon jama'armu a duk inda take, ta ware wani kaso na zakka da sadaka, ko bashi marar ruwa, domin masu koyon sana'a: kuɗin abinci da na mota na 'yan watanni, da akwatin kayan aiki ranar yaye. A yi shi a asirce, tare da shawarar malaman da suka san halin wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba daidai ba ne mu ce wa matashi ya faɗi gaskiya, sannan mu juya masa baya ranar da ta yi masa tsada.

Saurayin nan ya yi mini alkawarin zai je ya yi bayani. Ni ma na yi masa alkawarin cewa duk yadda ta kaya, ba zai ɗauki nauyin shi kaɗai ba.

Ya Allah, Ka wadatar da mu da halal ɗinKa ga barin haram ɗinKa. Ka buɗa wa matasanmu ƙofofin arziki, Ka sanya albarka a hannuwansu, Ka tausasa zukatan masu hali a cikinmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.