Sharhi a Kan Sarautar Kwana Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Rawani ba shi bai wa bebe harshe,
Kwana guda Dakauta ya ga ƙarshe.

Ya 'yan'uwa, ku sani asalin wannan baiti nawa yana cikin Tarihin Kano. A shekarar 1452 Sarki Abdullahi Burja ya rasu, aka naɗa ɗansa Dakauta, shi kuwa bebe ne. Mutane suka ce in ya hau gadon sarauta zai yi magana. Ya kwana ɗaya, gari ya waye bai ce uffan ba, suka tuɓe shi. Ɗansa Atuma kuma kwana bakwai ya yi.

Na karanta wa wani abokina wannan labari a zaurenmu nan Zangon Lome, bayan sallar isha'i. Ya ce, "Malam, ai gajeriyar sarauta alama ce ta rashin cancanta." Ban yarda ba. Umaru ɗan Abdul'azizu shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana halifanci, har gobe da adalcinsa ake misali. Dattawanmu kuwa sun ga Kanar Kléber Dadjo ya riƙe Togo wata uku kacal a 1967, kuma lissafin watannin nan bai isa ya gaya mana ko shi wane irin mutum ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, laifin wa? Dakauta bai yaudari kowa ba. Sun san shi tun yana yaro, sun san harshensa a ɗaure yake. Su ne suka nemi rawani ya yi abin da Allah kaɗai ke yi, da abin ya faskara suka ɗora kunyar a kan bawan Allah.

To, mu fa? Sau nawa a Zango za a zaɓi liman ko shugaban jama'a, an san halin mutum sarai, sai a ce, "A ba shi, nauyi zai gyara shi"? Ni kaina na taɓa faɗin haka a kan wani, don ɗan malaminmu ne, ina jin nauyin mahaifinsa. Astagfirullah. Da aka zo sauke shi ba a ji bakina ba, kuma tun daga ranar, in mun haɗu a masallaci, ni ne mai sunkuyar da kai.