Ko Gudu Yana Zubar da Girman Dattijo?

Masu iya magana sun ce, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Watau a wurin Bahaushe mutum ba ya gudu haka kawai, sai da abin da ya sa shi. In an ga yaro yana sheƙawa a kan hanya, ko dai aike ne, ko langa, ko kuwa ya yi ɓarna. In an ga babban mutum ya tattara riga ya ranta a na kare, babu mai tsayawa tambaya, kowa sai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, domin an san gobara ce, ko mahaukacin sa ya tsinke, ko abin da ya fi su muni.

To, ga wani al'amari da zamani ya kawo. A ɗauka ga wani mutum a Jega, ɗan shekara 48, dillalin albasa, yana da rumfa a kasuwa, yana da 'ya'ya har da surukai. Tun da ya bar makarantar allo bai ƙara yin gudu ba. Daga gida zuwa rumfa babur ne, daga rumfa zuwa Aliero inda yake sayen kaya mota ce, sauran yini kuwa a zaune yake bisa tabarma yana lissafi. Jiki ya yi nauyi, in ya tashi daga sujada sai ya dafa ƙasa. Ran nan kai ya dame shi, ya je asibiti, aka auna, likita ya ce jininsa ya hau, sukari kuma yana neman shigowa. Ya rubuta masa magani, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ƙwaya kaɗai ba za ta isa ba. Sai ka riƙa tafiya da sauri, in jiki ya saba ka ɗan haɗa da sassarfa."

Mutumin ya ji maganar. Bayan sallar asuba ya sa takalmin roba ya bi hanyar Maiyama yana 'yar sassarfa. Bai yi nisa ba wani mai jaki ya tare shi, ido a waje, ya ce, "Lahiya, Alhaji? Mi af faru cikin gari?" Kafin hantsi labari ya kai bakin kasuwa. Waɗansu suka ce bashi ne ya taɓa masa kai. Matarsa ta ce, "Malam, ka dubi girman Allah, ka san fa gidan surukin ɗanka a kan hanyar nan yake." Abin tambaya a nan shi ne, wa ke da gaskiya: shi da ya fita, ko su da suka ce ya zubar da girmansa?

Kada mai karatu ya yi saurin cewa mutanen nan jahilci ne ke damunsu. Maganarsu tana da tushe. A ƙasar nan tun da can gudu aikin na ƙasa ne. Sarki yana bisa doki, zagage ne ke gudu a gabansa. Attajiri yana zaune, bara ne ke rugawa ya isar da saƙo. Saboda haka nauyin tafiya ya zama alamar daraja, har akan gane mai mutunci daga takunsa kafin a ga fuskarsa. Addini kuma ya yabi natsuwa. Cikin Alƙur'ani an ba da labarin yadda Luƙmanu ya hori ɗansa da tsakaitawa cikin tafiya, kuma an hana mai zuwa masallaci ya taho da gudu ko da an tayar da salla. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, in ya ga mai furfura yana haki a gefen titi, dole abin ya yi masa banbaraƙwai.

Amma malaman da suka karantar da wannan, su ne kuma suka karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa. Bayan an daɗe, ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata. Abu Dawuda ya ruwaito wannan. A lokacin kuwa ya haura shekara 50, kuma babu wanda ya kai shi kwarjini a idon mutanensa. Cikin sahabbai akwai Salamatu ɗan Akwa'u, wanda ya shahara da gudu, ya nemi izini ya yi tsere da wani mutumin Madina a kan hanyar komowa daga yaƙi, aka ba shi. Shi kansa dillalin nan, da ya je Makka, ai ya yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa a inda aka sa alama, tare da sarakuna da manyan malamai, babu wanda ya ce girmansa ya zube. Ashe abin da aka hana shi ne rawar kai da gaggawa a inda natsuwa ta kamata. Motsa ƙafa don wata manufa ta kirki bai shiga cikin hanin ba.

Akwai kuma abin da mutanen kasuwa suka manta. Kakanninsu da ba su gudu, ba su kuma zaune. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ba da daɗewa ba bayan jihadin Shehu, ta yi suna ne saboda kasuwarta, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta nan sukan bi. Tafiyar watanni ce, a ƙasa, bayan jakuna. Mutumin da ya yi wannan shekara da shekaru ba ya bukatar likita ya ce masa ya motsa. Mota da babur su suka ɗauke wannan wahala, an kuwa gode, amma sun tafi da wani abu da jiki yake bukata ba tare da an lura ba. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya bincika lafiyar ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, wajen mutum 31,000. Motocin masu bene ne. Direba yini yake a zaune, kwandasta kuwa yini yake hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Daga irin wannan bincike ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai ga shawarar cewa baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu. Jiki amana ne. Mutumin da ke ciyar da mutum goma sha, in ya faɗi rabin jikinsa ya shanye, su waɗanda suka yi masa dariya ba su ne za su riƙa juya shi a kan gado ba.

Sai dai akwai wata magana da ta fi ta surukai nauyi, ita ce ta manomi. A fadamun Aliero mutum yakan duƙa tun sanyin safiya yana dashen albasa, yana jan ruwa, yana ɗaukar buhu, har rana ta take. In wannan ya ɗaga kai ya ga wanda ke sayen albasarsa da araha yana zubar da gumi a banza, me zai ce? Cewa zai yi, "Ƙoshi ne. A ba shi fartanya mana." Wannan magana tana da ɗaci, kuma ba a iya kawar da ita duka. Gaskiya ne cutar zama cutar mai hali ce galibi, gumin da aka zubar a titi kuwa ba ya fid da ko zangarniya ɗaya. Wanda yake da gona kusa, yana da lokacinta, ya bar ta ya je yana zagaya gari, lalle a tambaye shi dalili. Amma yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'ar Aliero ba su da wannan zaɓi; abincinsu a zaune yake, rabin awa kafin fitowar rana shi ne abin da suka mallaka. Abin da ya wajaba ga mai gudu game da manomin nan shi ne kada ya ɗauki kansa ya fi shi wayewa. Abin da yake nema da takalmi mai tsada, wancan ya same shi a bakin aikinsa, har ya yi masa yawa.

Daga nan sai maganar tsere. Wanda ya jure wata biyu ko uku yakan kai ga yin kilomita 5 ba tsayawa, sa'an nan zuciya ta fara raya masa ya shiga gasa. Babbar gasar titi ita ce wadda Turawa ke kira maraton, tsawonta kilomita 42 da mita 195, watau mil 26 da 'yan kai. A wasannin Olamfik na 1960 a birnin Rum wani sojan Habasha, Abebe Bikila, ya cinye ta ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Tun 2016 ake yin irinta a Ikko, dubban mutane suna fita, na gaba kuwa galibi mutanen Kenya ne da na Habasha. Dillalin Jega ba zai ga ko ƙurarsu ba. To, ina amfanin shiga tseren da mutum ya tabbata ba zai ci ba?

Mutanen ƙasar Kabi sun fi kowa sanin amsar. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, da an buga bindiga sai dubban masunta su ruga Matan Fada da homa da gora. Mutum ɗaya ne zai fito da kifin da ya fi girma. Sauran fa, wauta suka yi? Kowa ya koma da abin da ya kama, ya kuma san ƙarfin numfashinsa a ruwa. Haka mai gudun da ya zo na ƙarshe: ranar tsere ita ce ta tashe shi kowace asuba wata uku, ribarsa tana cikin watannin nan tun kafin a busa usur. Wani Ba'indiye mazaunin Ingila, Fauja Singh, ya shiga tseren farko yana da shekara 89 bisa ga lissafinsa, bayan mutuwar matarsa da ɗansa ta jefa shi cikin baƙin ciki. A 2011 ya gama maraton a Toronto ta ƙasar Kanada cikin awa 8 da 'yan mintoci, aka ce shekararsa 100, ko da yake ba a sa shi cikin littafin bajinta ba don ba shi da takardar haihuwa.

Inda haɗarin tsere yake shi ne zuciya. Yau mutum ya fita don lafiya, gobe an rataya masa 'yar lamba a wuya, an ɗauki hoto da waya, jibi kuma ba ya iya gudu sai in akwai mai kallo. Wanda ya fara da jin kunyar idon mutane yana iya ƙarewa da yunwar idon mutane, su biyun kuwa uwa ɗaya ta haife su. Haka nan kunya ta gaskiya ba ta faɗi don an sa takalmin gudu: wando ya rufe gwiwa, kada asuba ta kuɓuce saboda gajiyar jiya, kada a ci bashi don tafiya Ikko alhali gida ba hatsi. Mace kuwa nata ya fi wuya, domin bakin da ya taɓa namiji sau ɗaya ita sau goma zai taɓa ta, hawan jini kuma bai san wannan bambanci ba. Maigidan da ya fita gudu ya bar matarsa ba ko filin zagayawa a tsakar gida, ko rakiyar tafiya da maraice, bai yi adalci ba.

Ga wanda ya yi niyya, sauri ya haifi nawa. A fara auna jini tukuna. Makon farko tafiya kawai. Sa'an nan sassarfa minti 1, tafiya minti 2, a maimaita kamar sau 8, kwana 3 a mako, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. In mutum ba ya iya amsa gaisuwa yana cikin gudu, ya yi sauri da yawa. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya ya nemi likita. Da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, ban da gudun rana ko kaɗan. A guji babbar hanya inda manyan motoci ke wucewa cikin duhu. In ba makawa a bi gefen da ake fuskantar mota. Shi Fauja Singh ɗin nan, da ya tsira daga dukan wahalar tsere, mota ce ta buge shi a ƙauyensu a 2025 yana ƙetare titi. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har wajen Nijeriya, amma gara a ziyarce su don gaisuwa.

Shi kuwa dillali, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sauya hanya, ya bar ƙofar gidan suruki ya bi ta bayan gari, don kada a ce ya raina maganar iyalinsa. Mai jaki zai tambaye shi sau ɗaya, sau biyu, ran na uku sai dai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji," ya kaɗa jakinsa. Ran da ya je Aliero sayen kaya, in manomi ya sake yi masa maganar fartanya, ya karɓa ya yi kunya biyu a gabansa, sa'an nan su zauna su yi cinikin albasa.