Wadda Ta Bar Ƙasarta Domin Aure

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani irin aure wanda yake da yawa cikin ekklesiyoyinmu, amma ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Shi ne auren da mata ko miji ya fito daga wata ƙasa. Akwai 'yan'uwanmu a Katsina da Sakkwato da Kano waɗanda suka auro daga Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Damagaram. Akwai na Mubi da Yola waɗanda matansu 'yan Garwa ne ko Marwa a ƙasar Kamaru. Waɗansu sun je neman abinci Kumasi, suka komo da mata 'yan Gana. Akwai kuma 'yan'uwa mata waɗanda mazansu ne baƙin.

Kowane aure yana da nasa saɓani, gama Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma auren baƙuwa yana da wani nauyi na dabam. 'Yar gari idan zama ya yi mata zafi, takan tafi gidan ubanta, ko ta kai kuka wurin kawunta, manya su kira mijin a zauna a shirya. Baƙuwa fa, ina za ta? Gidan ubanta yana bayan iyaka. Wanda zai tsaya mata yana nesa. Saboda haka damuwar da za a kashe cikin kwana biyu takan zauna cikin zuciyarta shekara biyu, har ta zama miki. Abin da muke so mu kafa a zukatanmu ke nan: wadda ba ta da dangi a kusa, mijinta da ekklesiya su ne danginta, kuma Allah zai tambaye su a kanta.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Waɗansu sukan ce ai Littafi Mai Tsarki ya hana auren baƙi, suna tuna mana da matan Sulemanu da abin da ya faru a zamanin Ezra. Bari mu duba da kyau. Abin da ya kā da Sulemanu gumakan matansa ne, waɗanda suka juyar da zuciyarsa daga bin Ubangiji. Ƙasar da aka haifi mutum ba ta taɓa zama zunubi ba. Yusufu ya auri Asenat, mutuniyar Masar, 'ya'yanta biyu kuwa, Manassa da Ifraimu, suka zama kabilai cikin Isra'ila. Timoti, wanda Manzo Bulus ya ƙaunace shi kamar ɗansa, uwarsa Bayahudiya ce, ubansa kuwa Bahelene.

Cikin Littafin Ƙidaya sura 12 mun karanta yadda Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa saboda matarsa mutuniyar Kush. Ku lura, 'yar'uwar miji da ɗan'uwan miji ne suka ta da maganar, kamar yadda yakan faru a gidajenmu har yau. Ubangiji ya ji, ya husata, Maryamu ta kuturce, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Dukan jama'a suka tsaya, ba su ci gaba da tafiya ba sai da ta komo. Ashe, tsegumi a kan matar ɗan'uwa yana iya tsayar da tafiyar dukan jama'ar Allah.

Sa'an nan ga Rut, mutuniyar Mowab. Mijinta ya mutu, surukarta Na'omi ta ba ta izini ta koma gidan uwarta, amma ta ƙi, ta zaɓi jama'ar Na'omi da Allahn Na'omi. Ta iso Baitalami a farkon kakar sha'ir, gwauruwa, matalauciya, baƙuwa. Bo'aza ya gan ta tana kala a gonarsa. Ya tambayi labarinta, ya kwaɓi samarinsa kada su taɓa ta, ya ce ta sha daga tulunansu, ya kira ta ta ci abinci tare da masu girbi. Da ya tashi aurenta, bai yi a ɓoye ba. Ya tara dattawa goma a ƙofar gari suka zama shaidu. Wannan baƙuwa ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda, sunanta kuwa yana cikin asalin Ubangijinmu Yesu a farkon Bisharar Matiyu. Wanda ya rena matarsa domin baƙuwa ce, bari ya tuna daga wace zuriya Mai Cetonsa ya fito.

Inda damuwa takan fito

Yawancin abin da miji yakan kira halin mutanen ƙasarsu, idan an bincika, ba hali ba ne. Mun ga ƙofofi huɗu waɗanda saɓani yakan shiga ta wurinsu.

Ta fari, harshe. Ko Hausa ɗaya muke ji, ba duka muke faɗinta daidai ba. Amarya daga Ƙonni takan ce hura, a yi mata dariya domin mutanen gidan suna cewa fura. Ita ta yi karatunta da Faransanci, mijinta da Turanci. A wurinta jika ɗaya sefa 1,000 ce, a wurinsa jaka ɗaya naira 200. Wadda ta fito daga kudancin Kamaru ko Gana wataƙila ba ta jin Hausa sarai, sai ta zauna cikin sujada kamar kurma. Idan ta yi shiru, a ce girman kai gare ta. Idan ta yi magana, yara su kwaikwaye ta. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Makaho kuwa jagora yake bukata.

Ta biyu, abinci da al'ada. Wadda ta tashi da gero ta zo gidan masu masara da doya, wadda ta saba da fufu ta zo gidan tuwon dawa da miyar kuka. Uwar miji ta ɗanɗana miya ta ture kwano. Yadda ake durƙusa wa suruki, da yadda ake wankan jego, da wanda yake raɗa wa jariri suna, duka sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Abin da yake ladabi a can yana iya zama rashin kunya a nan, ita kuwa ba wanda ya gaya mata.

Ta uku, kuɗi da ziyara. Ita ma tana da uwa tsohuwa da ƙanne. Idan miji ya aika wa nasa iyaye, a ce ɗa nagari ne. Idan ita ta roƙi abin da za ta aika gida, a ce tana kwashe arzikin gidan zuwa ƙasarsu. Umarnin girmama uwa da uba bai tsaya a bakin iyaka ba. Hanyar gida kuma ba kullum take a buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sāke rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa cikin 2024. A waɗannan kwanaki akwai matan da aka yi musu rasuwa a gida, ba su sami zuwa ko gaisuwa ba. Mai irin wannan baƙin ciki idan ta yi saurin fushi, a gane dalilinsa.

Ta huɗu, tsoro. Baƙo yana sane cewa zamansa yana hannun hukuma. Tsofaffinmu suna tune da 1969, sa'ad da Gana ta kori baƙi marasa takardu, da 1983 sa'ad da Nijeriya ta yi haka nan. Gidaje da yawa suka rabu. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda mutanensu su shiga ƙasashen juna su yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar, Nijar kuwa ta fita a Janairu 2025. Dokoki suna sākewa. Mace marar takarda takan kwana da tunanin ranar da za a raba ta da 'ya'yanta.

Gargaɗi ga miji

Ɗan'uwa, akwai magana ɗaya wadda ba za ta fito daga bakinka ba har abada, ko cikin fushi ko cikin wasa: "Tattara ki koma ƙasarku." Wannan magana takan kashe abin da shekara goma suka gina, gama tana nuna mata cewa har yanzu ba ta da gida. Ran da ka ɗauko ta, ka yi alkawari a gaban Allah ku zama jiki ɗaya. Jiki ɗaya ba ya da ƙasa biyu da za a kori rabinsa zuwa ɗayar.

Kada ka ɓoye fasfonta ko takardunta domin ka riƙe ta da su. Wannan zalunci ne. Ka yi rajistar aurenku, ka ajiye takardar inda ita ma ta sani. Sashe na 26 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba matar ɗan ƙasa hanyar neman zama 'yar ƙasa. Idan tana so, ka taimake ta. Ka karɓi takardar haihuwar kowane yaro. Ka rubuta wasiyya tun kana da ƙarfi, domin kada danginka su kore ta hannu wofi ran da ba ka.

Ka tsaya tsakaninta da danginka. Ka girmama uwarka, amma ka gaya mata cikin ladabi cewa wannan ita ce matarka. Ka koyi gaisuwa da harshen surukanka, ka bar 'ya'yanku su ji harshen uwarsu. Ku zauna tare ku yanka abin da za a aika wa iyaye na kowane gefe, ku kuma tanadi kuɗin mota domin ta ga gida, gama zumunci a ƙafa yake. Ka tuna da Ishaku. Rifkatu ta zo masa daga ƙasa mai nisa, ta yi shekara ashirin ba haihuwa. Bai kore ta ba, bai zage ta da asalinta ba. Ya roƙi Ubangiji dominta, Ubangiji kuwa ya ji.

Gargaɗi ga baƙuwa

'Yar'uwa, ke ma akwai naki. Kada bakinki ya saba da cewa "a ƙasarmu ba haka ake yi ba." Mijin da yake jin wannan safe da yamma zai gaji. Rut ta saurari Na'omi, ta kuwa bi shawararta. Ki nemi wata dattijuwa mai tsoron Allah cikin Zumuntar Mata ki mai da ita uwa. Ki koyi harshen gari ko ana dariya. Dariyar za ta wuce, harshen ya zauna. Kada ki aika da kuɗi a ɓoye, kada kuma ki kwashe kowane ƙaramin saɓani ki zuba wa danginki ta waya, gama ku za ku shirya da dare, su kuwa su riƙe shi shekaru. Amma idan abin ya kai ga duka, ko hana abinci, ko barazana, kada ki yi shiru da sunan haƙuri. Ki faɗa wa fasto da dattawa. Allah bai kira ki ki mutu cikin ɗaki a ɓoye ba.

Inda miji ne baƙon, maganar ɗaya ce. Nasa ma ya fi wuya ta wajen takarda, gama wancan sashe na tsarin mulki bai ba mijin 'yar ƙasa irin hanyar da ya ba matar ɗan ƙasa ba. 'Yar'uwa, kada ki tara danginki a kansa domin kin ga ba shi da kowa, kada kuma ki tuna masa cewa a garinku yake ci.

Aikin ekklesiya

Shari'ar Musa ta umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo, domin su ma sun yi baƙunci a Masar. Manzo Bulus kuma ya tuna wa Afisawa cewa dā su bare ne, jinin Almasihu ya kawo su kusa ya mai da su 'yan gida. Mu duka haka muka shigo. Iyakar da take tsakanin Jibiya da Maraɗi Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta. Jikin Almasihu ya girme ta.

Saboda haka muna roƙon dattawa su yi abu uku. Ran da baƙuwa ta shigo, a ba ta gida ɗaya cikin ekklesiya wanda zai tsaya mata a matsayin iyaye, a kuma sanar da mijin cewa yanzu tana da masu tambaya. Sa'ad da ƙara ta zo, a bi matakan da Ubangiji ya koyar cikin Matiyu sura 18, a samo mai fassara amintacce wanda ba dangin miji ba ne, a ji ta bakinta da harshen da take iya kuka da shi. Kada a ba ɗan gari gaskiya domin an san ubansa. Idan kuwa akwai duka, a fara kai ta inda za ta kwana lafiya, sa'an nan a yi maganar sulhu, kada kuma a ɓoye laifin da ya kamata hukuma ta sani. A ƙarshe, fasto ya rubuta wa faston ekklesiyar da ta fito, domin iyayenta su san 'yarsu tana hannun 'yan'uwa.

Mai karatu, ka duba bencin mata ran Lahadi mai zuwa. Wace ce takan zauna ita kaɗai, ta fita da sauri bayan albarka? Ka san sunan garinsu? Ka taɓa tambayarta lafiyar uwarta? Ubangiji Yesu ya ce a ranar shari'a zai lissafta karɓar baƙo kamar shi kansa aka karɓa. Wataƙila baƙon nan yana cikin ɗakinka, yana dafa maka tuwo.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai da ka karɓe mu sa'ad da muke nesa, ka dubi 'ya'yanka waɗanda suka bar ƙasarsu domin aure. Ka ta'azantar da masu kewar gida. Ka ba mazaje zuciya irin ta Bo'aza, ka ba mata aminci irin na Rut, ka ba dattawanmu hikima su yi shari'a ba tara. Ka shirya gidajen da suke gab da rushewa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.