Yarinyar Da Aka Harba Domin Neman Ilmi

 Ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan wata 'yar ƙasar Pakistan ce mai suna Malala Yusufzai, da abin da labarinta ya ɗora a wuyanmu.

An haife ta ran 12 ga Yuli 1997 a garin Mingora, cikin kwarin Swat, mahaifinta kuwa malamin makaranta ne. Daga shekarar 2007 'yan Taliban, ƙarƙashin Maulana Fazlullah, suka mamaye yankin, suna rusa makarantun 'yan mata, har suka ba da umurni cewa daga ran 15 ga Janairu 2009 kada wata yarinya ta ƙara taka ƙofar makaranta. Malala tana da shekara 11 a lokacin, ta shiga rubuta wa sashen Urdu na BBC halin da suke ciki da sunan aro, watau Gul Makai. Da soja suka kore su, ta fito fili tana kira a bar 'yan mata su yi karatu.

Ran 9 ga Oktoba 2012, suna komawa gida cikin motar makaranta, wani mutum ya hau motar ya tambaya wace ce Malala, ya harbe ta a ka, ya kuma raunata 'yan'uwanta ɗalibai biyu. Amma kwananta bai ƙare ba. Aka yi mata aiki a asibitin soja na Peshawar, sa'an nan aka wuce da ita Birmingham ta ƙasar Ingila, Allah ya tashi kafaɗunta. Ran da ta cika shekara 16 ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2014 kuma aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ce mafi ƙanƙantar shekaru cikin duk waɗanda aka taɓa ba.

Na san akwai masu cewa ai Turawa ne suka ɗauke ta suka ɗaukaka don su ɓata Musulunci. Lalle Turawa ba su rasa manufarsu ba, kuma yara da yawa sun mutu a yaƙe-yaƙen da su suka hura, ba wanda ya ba su lamba. To, amma wannan ba ya mai da ƙarya gaskiya. Abin tambaya shi ne, abin da yarinyar nan ta nema halal ne ko haram? Wanda ya harbe ta da sunan addini, daga wane littafi ya samo hukuncinsa?

Wahayin farko da ya sauka a kogon Hira umurni ne da karatu. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya wajabta neman ilmi a kan kowane Musulmi, malamai kuwa sun haɗu a kan mace tana cikin wannan wajibi. A cikin Sahihul Buhari an ruwaito mata sun kai kuka wurin Manzon Allah cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, suka roƙi a ware musu rana tasu. Bai tsawata musu ba, bai ce su koma ɗaki ba, ya yanka musu rana ya karantar da su. Shifa'u 'yar Abdullahi ita ta koya wa Uwar Muminai Hafsatu rubutu, da saninsa. Nana A'isha kuwa, Allah ya yarda da ita, hadisai 2,210 aka ruwaito daga gare ta, manyan sahabbai suna zuwa suna tambayarta fatawa. In da an hana ta koyo, da wani babban yanki na sunna, musamman abin da ya shafi zaman iyali da tsarki, bai iso gare mu ba. Saboda haka ne malamai kamar 50 na Pakistan suka ba da fatawa, kwanaki kaɗan bayan harbin, cewa aikin nan ya saɓa wa shari'a.

Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan magana ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya yi wa malaman zamaninsa kakkausan faɗa don suna karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna kai karatu ƙauyuka. Amma ga shi a ƙasar Shehun aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a 2014. Malala ta zo Abuja a Yulin wannan shekara, ta ga shugaba Jonathan da iyayen yaran, ta nemi a ceto su.

Sai dai, ɗan'uwa, ba bindiga kaɗai ke hana yarinya karatu ba. Wanda ya cire 'yarsa daga aji ya ɗora mata farantin talla, ko ya biya wa ɗa kuɗin makaranta ya ce na 'ya asara ne, ya yi aikin cikin ruwan sanyi. Gobe kuma shi ne zai kai matarsa asibiti yana fushi don bai sami likita mace ba. Daga ina za ta fito?

A Afghanistan, da 'yan Taliban suka koma mulki a 2021, sun rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disamba 2022 suka ƙara da jami'o'i. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya ce wannan ya saɓa wa shari'a. A Janairun 2025 Rabiɗatul Alamil Islami ta tara malamai a Islamabad kan ilmin 'ya'ya mata, Malala tana cikin masu jawabi, an gayyaci hukumar Kabul ba ta zo ba.

Allah ya buɗe wa 'yan matan Afghanistan ƙofofin makarantunsu, ya mayar da sauran 'yan Chibok ga iyayensu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.