Sunan Wa Za Mu Rubuta a Ƙofa?

Mu da muka soma taruwa a nan birnin Sakkwato mun yi zama uku a kan suna, har yanzu ba mu gama ba. Waɗansunmu daga Zuru suka fito, waɗansu daga Kagoro, waɗansu daga Filato, kowa kuwa yana so a rubuta sunan ekklesiyar garinsu a allon ƙofa. Tsohon ciwo ne wannan. Bulus ya iske shi a Koranti, ya kuwa tsauta musu tun a sura ta fari ta wasiƙarsa.

Amma kada wani ya ce, to, sai mu zauna mu kaɗai. Wa zai yi mana baftisma? Wa zai ɗaura aure? Ran da aka fara gunaguni a kan kuɗin baiko, wa zai duba littafin? Iyayenmu sun hango wannan, shi ya sa ekklesiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A. a 1954, na S.U.M. da waɗansu kuma suka kafa tarayya a 1955, wadda ake kira TEKAN yau. A ganinmu sai mu nemi shiga E.C.W.A., gama S.I.M. ce ta yi jiyyar kutare a Amanawa kusa da mu, mutanen ƙasar nan ba su manta ba.

Sauran sha'ani mai sauƙi ne. Sujada da Hausa, ƙarfe 7 na safe tun rana ba ta yi zafi ba. Zumuntar mata ran Talata. Ran Jumma'a da azahar kuwa ba ganga, ba lasifika, gama maƙwabtanmu suna salla.