Mutum na Uku a Cinikin Maciji

A garin Ham da ke yammacin Jamus akwai wata kasuwa da ke ci lokaci-lokaci a cikin shekara, wadda ba a kai mata hatsi ko tufafi. Hajarta macizai ne da ƙadangaru da kunkuru da kunamu, an jera su a kan tebura cikin ƙananan robobi masu murfi, kowace roba da sunan abin da ke cikinta da farashinsa. Tana cikin manyan kasuwannin irin waɗannan dabbobi a duniya, kuma an yi shekaru da yawa ana ware wa masu dafi ɗakinsu na daban. Ga wanda ya tashi yana ganin cewa tsakaninsa da maciji sai sanda, abin mamaki ne a ce mutum ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don ya biya kuɗi ya koma gida da kumurci. Amma haka abin yake a Turai da Amurka. Masu wannan sha'awa suna da dillalansu da ƙa'idojinsu, suna kuma da ma'aunin da suke bambance dillalin kirki da na banza.

Idan aka saurari yadda masu saye ke yabon dillali, kusan magana ɗaya za a ji. Ya faɗi gaskiya game da asalin macijin, ko a hannu aka ƙyanƙyashe shi ko daga daji aka kamo shi. Ya ɗaure shi a jaka, ya sa jakar cikin akwati mai ƙwari, ya rubuta gargaɗi a jikin akwatin. Macijin ya iso da ransa, babu kaska a jikinsa, bai ƙi cin ɓera ba. Takardu sun cika, kuma bayan an rabu idan aka neme shi yana amsawa. Ƙorafinsu kuwa akasin wannan ne: an ɓoye musu aibi, ko an aiko musu da ramammiyar dabba, ko dillali ya karɓi kuɗi ya yi ɓatan dabo. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin gaskiya da cika alkawari ado ne ga kowane ɗan kasuwa. Tambayar da ta dame ni ita ce: idan mai saye ya gamsu, mai sayarwa ya gamsu, shin cinikin ya tsarkaka ke nan? A ganina bai tsarkaka ba tukuna, domin a cinikin maciji mai dafi akwai mutum na uku, wanda ba ya wurin lokacin da aka yi tayi aka sallama, amma sau da yawa shi ke biyan mafi tsadar kuɗin.

Adalci ne a fara da hujjar mai kiwon, don tana da ƙarfi. Zai ce shi baligi ne mai hankali, kuɗinsa ne, ɗakinsa ne, ransa ne. Mutane suna hawan duwatsu masu ƙanƙara, suna sukuwar dawaki, suna dambe, kuma ba wanda ya hana su don kawai za su iya mutuwa. Masanin falsafar nan na Ingila, Jon Situwat Mil, ya kafa wannan ra'ayi a littafinsa kan 'yanci na shekarar 1859, inda ya nuna cewa al'umma ba ta da ikon tilasta wa baligi barin wani abu sai idan abin zai cutar da waninsa. Bahaushe ma yana da irin wannan tunani a taƙaice: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Na yarda da wannan ƙa'ida. Abin dubawa shi ne ko zafin da mai kumurci ya ɗebo bakinsa kaɗai yake ƙonawa.

A watan Maris na 2010, a garin Mulhaim da ke jiha ɗaya da Ham, wani matashi ɗan shekara 19 ya wayi gari ya tarar ɗan kumurcin Asiya da ya saya ba ya cikin akwatinsa. Tsawon macijin bai wuce santimita 30 ba, kaurinsa kamar na fensir, kuɗinsa bai kai Yuro 100 ba. Dole aka kwashe mazauna gidan. 'Yan kwana-kwana suka fitar da kaya, suka ɓamɓare daɓen katako, suka fasa bango, ba su gan shi ba. Daga ƙarshe aka toshe gidan aka shimfiɗa tef mai danƙo a ƙasa, sai bayan kimanin mako uku aka same shi a mace, ya manne. Abin da aikin ya ci ya kai kusan Yuro 100,000. A watan Agusta na 2019 aka sake yin irin haka a garin Herne, duk a jihar, inda mutum kusan 30 suka bar gidajensu na kwanaki saboda kumurcin wani ya fito yawo. A cikin waɗannan mutane babu wanda ya taɓa taya maciji, babu wanda aka nemi izininsa. Wasu ma sai ranar suka san da me suke kwana bango ɗaya.

A nan ne kwatancen hawan dutse ya rushe. Dutse ba ya bin maƙwabci har ƙarƙashin gadonsa. Ko gardin da ke wasa da maciji a kasuwanninmu ya fi mai kiwon ɓoye adalci ta wannan fuska, domin a fili yake abinsa, jama'a suna gani suna ja da baya gwargwadon tsoronsu, wanda ba ya so ya canza hanya. Maƙwabci a gidan haya mai hawa huɗu ba a ba shi wannan zaɓi ba. Hujjar Mil da mai kiwon ya dogara da ita, ita ce ta juyo ta kama shi, tun da sharaɗinta shi ne kada cutar ta tsallaka ga wani.

Za a ce ai waɗancan sakarkaru ne, gwani ba ya barin ƙofa a buɗe. Gaskiya ne akwai masu kiwo da suka ɗauki abin da muhimmanci: ɗaki mai ƙofa biyu, akwati mai makulli, ƙugiya maimakon hannu, takarda a bango mai sunan kowane maciji da abin da likita zai yi in an yi sara. Irin wannan kula tana rage haɗari ƙwarai. Sai dai ba ta kawar da shi. Kal Shimit, masanin dabbobi masu jan ciki a gidan tarihi na Fild da ke Shikago, ya shafe rayuwarsa yana nazarin macizai. A watan Satumba na 1957 wani ƙaramin macijin bishiya daga Afirka da aka kawo masa ya tantance ya sare shi a babban yatsa. Ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa awa bayan awa, washegari ya rasu saboda zubar jini. Idan hannun irin wannan mutum zai kuskure sau ɗaya, wane ne zai rantse nasa ba zai kuskure ba cikin shekara goma sha biyar ko ashirin da maciji zai iya yi a akwati? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka mai kiwon kirki shi ne wanda ya yi shirin ranar tsautsayi tun ba ta zo ba, ya kuma tsara yadda nauyinta zai tsaya a kansa.

Ranar nan kuwa tana da tsada, domin dafi iri-iri ne, makarinsa ma haka. Na kumurci yana kashe jijiyoyin da ke motsa numfashi, na kububuwa yana hana jini daskarewa. Ana samun makari ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya ƙera abin da zai yaƙe shi, sannan a tace. Makarin da aka yi don macijin wata nahiya ba lallai ya yi aiki a kan na wata ba, kuma yana da wa'adin lalacewa. Asibitin ƙaramin gari a Turai ba shi da dalilin ajiye makarin kumurcin Asiya. Idan mai kiwo bai tanadi nasa ba, sai a shiga nema a gidajen namun daji da rumbunan magani na nesa, a ɗebo abin da aka ajiye don ma'aikatan da aikinsu ya tilasta musu taɓa macizai. Su ma sun shiga sahun mutum na uku.

Ba na iya tunanin wannan ba tare da Kaltungo ta faɗo mini a rai ba. A asibitin masu saran maciji da ke wannan gari na Jihar Gombe, manoma da makiyaya ne ake kawowa, waɗanda kububuwa ta same su a gona ba su neme ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara. Wani yana sayar da akuyarsa don ya tsira daga dafi, wani yana biyan kuɗi don a kawo masa dafin har ɗaki. Wannan bai sa na biyun ya zama mai laifi ba, amma ya isa ya hana shi ɗaukar makari a matsayin abin da duniya ke binsa bashi.

Duk da haka, kuskure ne a ce tsare maciji mai dafi mugun abu ne a kan kansa. Makarin EchiTAb da ya ceci rayuka masu yawa a Kaltungo, da dafin macizan Nijeriya aka yi shi, waɗanda aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful ana tatsar su, aka sarrafa maganin a Wels da Kosta Rika. Maganin hawan jini mai suna kaftofiril, daga binciken dafin wani macijin Birazil ya samo asali. Akwai kuma masu kiwo na ƙashin kansu da suka ƙara wa ilimi abin da ya sani game da ciyar da waɗannan dabbobi da hayayyafarsu. Bambancin yana ga abu biyu: me ya sa aka tsare shi, kuma wa ya ɗauki lamunin abin da zai biyo baya.

Akwai kuma wani na uku da ba ya magana, wato macijin kansa. Shi ba ya sabo irin na kare, ba ya gane ubangida, abin da yake bukata zafi ne daidai, da laima, da wurin ɓuya. Wanda ya saye shi don a ce masa jarumi yakan gaji da shi idan 'yan kallo sun watse. Wasu kuma, don su riƙa ɗaukarsa da hannu, sukan sa a yanke masa jakar dafi, kamar yadda wasu masu wasa da maciji ke cire masa fiƙa. Wannan nakasa dabba ne don a ci ribar kwarjininta ba tare da an biya farashinsa ba. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya koya mana cewa wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai ya ɗauki amanarsa. Munin dabba a idonmu ba ya sauke wannan amana.

To ina matsayin dillali a duk wannan? Shi ne ƙofa ta ƙarshe kafin haɗarin ya shiga unguwa, kuma shi ne wanda ya fi kowa sanin abin da ke cikin robar. Malaman fiƙihun Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, da sayar da makami ga wanda aka san fitina zai tayar, duk da cewa inabi da takobi halal ne. Hikimar ita ce, sanin mai sayarwa yana shiga cikin hukuncin ciniki. Dillalin da ya ga yaro yana rawar jiki, bai san sunan makarin abin da yake taya ba, bai taɓa riƙe ƙugiya ba, ya karɓi kuɗinsa ya ce ai takardu sun cika, ya cika sharaɗin kasuwa ya tauye na mutunci. Idan ya ce ko bai sayar ba wani zai sayar, sai a ce masa wannan uzuri ne da duk mai sayar da abin cutarwa ya taɓa kawowa, kuma kowa hannunsa za a tambaye shi.

Dokoki sun yi ƙoƙarin mayar da wannan tunani ƙa'ida. Tun 1976 Birtaniya ta wajabta lasisi daga ƙaramar hukuma, tare da duba wurin ajiya da inshora, kafin a riƙe irin waɗannan dabbobi. Jihar Fulorida ta Amurka tana neman shaidar awa 1,000 ta aiki da macizai masu dafi kafin ta ba da izini. Jihar da Mulhaim da Herne suke kuwa, daga farkon 2021 ta hana mutane sayen sababbi, ta ce masu su tun da su yi rajista su kawo inshora. Ana iya gardama kan wacce ta fi dacewa, kuma masu cewa hani na gaba ɗaya yana tura kiwon cikin duhu, inda wanda aka sara zai ji tsoron faɗa wa likita gaskiya, suna da abin faɗa. Amma doka ba ta tsayawa a bakin tebur lokacin ciniki. Wanda ke tsaye a wurin dillali ne, shi da lamirinsa.

Shi ya sa nake ganin shaidar masu saye, komai yawanta, rabin shaida ce. Waɗanda aka sallama wa ne kaɗai ke bayar da ita. Da za a auna dillalin maciji da ma'aunin gaskiya, da sai a nemo wanda ya zo da kuɗinsa a hannu aka tambaye shi ina zai ajiye, su wa ke kwana a gidan, wane asibiti ya sani, sannan aka ce masa ya je ya yi shekara yana koyo tukuna. Wannan mutum ba zai yabi dillalin ba, wataƙila ma ya zage shi. Maƙwabciyarsa mai goyo kuma ba za ta taɓa sanin sunan wanda ya yi mata alheri ba. Za ta ci gaba da shimfiɗa ɗanta a ƙasa ya yi rarrafe, kamar yadda ta saba.